Lahadi Huɗu a Jere

Andaha,
16 ga Satumba

Zuwa ga 'yata Lovelyn,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, da aikin ɗinki, da mutanen Angwan Iya. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa da ke tashi duk lokacin da damina ta yi nisa. Mama tana gaishe ki. Doya ta yi kyau bana, gyaɗa ce ruwa ya yi wa yawa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Kin san halin kunnena. Idan kin kira a waya sai na nemo wani ya saurara ya riƙa yi mini ihu, maganar da ke bakina kuwa ba ta kunnen mutum na uku ba ce. Shi ya sa na ba Aminullahi direba ya ajiye miki a shago.

Ga maganar. Mu dattawan ikkilisiya mun zauna a kan aurenki da Ruben. Rana tana nan yadda aka sa, ashirin da takwas ga Disamba. Amma kin san ƙa'ida. Ba a yin shelar aure a coci sai an kawo takardar shaida daga cocin da yarinya take sujada, cewa tana cikin zumunci. Na ɗauka abin kwana biyu ne. Sakatarenmu ya rubuta wa cocinku na Keffi, sai ga amsa layi uku. Wai tun bayan Ista ba a ƙara ganinki a sujadar Lahadi ba, don haka fasto ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba.

A gaban dattawa shida aka miƙo mini takardar nan, har da baban Ruben. Na karanta, na goge tabarau, na sake karantawa. Da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na shige.

Tun bayan Ista, Lovelyn? Wata biyar da rabi! Ke da na rena tun ranar da muka binne uwarki, ƙanwata? Ke da kike riga mai kaɗa ƙararrawa isa coci? Ni zargina shagon nan ne. Na san telolin gari, Lahadi ma ba sa barin keke ya huta. In haka ne ki faɗa mini, in san irin faɗan da zan yi miki. In kuma kin koma ɗaya daga cikin sababbin cocin nan masu lasifika a bakin titi, shi ma ki faɗa.

Ki ba Aminullahi amsa ranar da zai dawo.

Kawunki,
Boaz

Keffi,
20 ga Satumba

Kawu,

Ina gaishe ka da ladabi. Na ji daɗin ganin rubutunka, sai da na karanta daɗin ya ragu. Lafiyata ƙalau. Aiki sai godiya, yara sun koma makaranta, ɗinkin yunifom ya taru mini har bayana yana ciwo. Ka gaishe mini da Mama. Man nan da na aiko, a gwiwa ake shafa shi, ba a kan taga ake ajiye shi ba.

Shagona a kulle yake kowace Lahadi, ka aiko a tambayi duk layinmu. Ban kuma canja coci ba. Amma gaskiya ne ban je sujadar safe ba tun bayan Ista, ba zan yi maka ƙarya ba. Ina zuwa addu'ar Laraba da yamma, ban taɓa fashi ba. Sai dai ranar Laraba ba a rubuta suna, shi kansa sakataren cocinmu ba ya zuwa.

Akwai abin da ke riƙe ni ranar Lahadi daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu. Ba mugun abu ba ne. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan.

Jiya na je wurin fasto. Ya ce abu mai sauƙi ne, in zo sujada Lahadi huɗu a jere, ya gan ni da idonsa, sai ya rubuta takardar. Na ce masa ba zan iya ba yanzu. Ya dube ni ta saman tabarau kamar na sace masa akuya. Don Allah Kawu ka yi wa dattawa magana, ai kai sun san ka, ni ma a gabansu na girma.

Ni ma ina da tambaya. Cocinmu ya fi mutum ɗari huɗu. Akwai waɗanda sai Kirsimeti ake ganinsu, kuma takardarsu tana fita ba gardama. Wa ya zauna yana ƙirga tawa Lahadin? Ni dai wata biyu ke nan ina ganin Nasiha, ƙanwar Ruben, tana yawan wucewa ta ƙofar shagona. Ba ta kawo ɗinki ba, hanyar makarantarsu kuma ba nan ba ce. In kai ka sa ta, gara ka faɗa mini.

'Yarka,
Lovelyn

Andaha,
1 ga Oktoba

Lovelyn,

Gaisuwa. Muna lafiya, ina fata ke ma haka.

Ban sa Nasiha ba. Ban tsufa har in riƙa aiken 'yar makaranta ta bi mini sawun 'yata ba. Ita ta zo gida hutun ƙarshen mako, ta faɗa wa ubanta, ubanta ya kawo ta gabana. Da yake ba na ji, sai na ba ta biro da takarda na ce ta rubuta. Ga shi nan a gabana da rubutun hannunta, ina kwafe miki.

Ta ce Lahadi uku tana binki. Kina hawa okada zuwa unguwar Yara, ki sauka nesa da wani gida mai koren ƙyaure, ki tsaya gindin mangwaro. Sai matar gidan ta fito da kayan coci, sannan ki shiga. Ki sa sakata. Ba kya fitowa sai matar ta kusa dawowa ko ta dawo. Ta ce gidan wani Bayarabe ne, Akanbi, babban makanike mai gareji. Matar tana faɗa wa mutane wai mijinta ya tafi garinsu tun bara, amma Nasiha ta kara kunne a katanga ta ji muryar namiji, ta ji taki, kuna dariya har da waƙa. Ta ce ran nan ta leƙa ta ga kina shanya wandon namiji a igiya.

Wandon namiji, Lovelyn!

Assha. Ni da nake tsoron keken ɗinki, ashe da shi ne da na yi rawa. Fasto ya ce Lahadi huɗu kawai, kin ce ba za ki iya ba. Wane irin abu ne yarinya ba za ta iya ajiyewa na sati huɗu ba don aurenta? Na juya tambayar nan ta kowane gefe, amsa ɗaya take ba ni, kuma ba na son ta.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne matar. Ko ba ta sani ba, ko kuma ta sani, wanda ya fi muni. Na ji ana irin wannan a gari, ban taɓa zaton zai shigo gidana ba.

Ba na cewa na yarda. Ina cewa ki ƙaryata, in sami abin riƙewa. Dattawa za su sake zama ranar Asabar biyu ga Nuwamba. In har ba ki fara zuwa sujada ranar goma ga Nuwamba ba, Lahadi huɗu ba za su cika kafin lokacin shela ba, ranar aure ta faɗi. Baban Ruben ya riga ya daina gaishe ni da hannu biyu.

Boaz

Andaha,
14 ga Oktoba

Lovelyn,

Sati biyu ba amsa. Ina fata lafiya ce.

Kullum in na ga alamar mota ta tsaya a bakin hanya sai in fito da sandata. Mama ta ce in bari, mutane sun fara lura. Lokacin da kike ƙarama, in an yi miki ƙarya ba kya iya kwana, sai kin tashi gidan nan da kuka. Yanzu an faɗi abin da ya fi kowace ƙarya kin yi shiru. Ni na san ma'anar shirun nan.

In ya riga ya faru, ki zo gida. Ba zan dake ki ba, ba ni da ƙarfin. Za a sa ki ƙarƙashin horo, ki zauna bencin baya, a hana ki jibin Ubangiji na wani lokaci. Wasu sun zauna sun tashi. Amma ba zan tsaya gaban ikkilisiya in miƙa wa yaron mutane abin da ban san mene ne ba.

Boaz

Keffi,
18 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, in ana kiran wannan lafiya.

Takardunka biyu jiya suka iso tare. Motar Aminullahi ta yi sati biyu a gareji, takardar farko tana cikin aljihun motar. Shirun da ka karanta ke nan har ka yanke mini bencin baya. Na gode, Kawu. Na zauna a shago na yi kuka har kwastoma ta tattara yadinta ta tafi.

Ka ce in ƙaryata. Ba zan ƙaryata ba, don duk abin da Nasiha ta rubuta haka yake. Koren ƙyaure, mangwaro, sakata, waƙa, har wandon, duk gaskiya ne. Idonta yana da kyau. Da ta ba karatunta rabin lokacin da ta ba ni da ta fi kowa a ajinsu. Ni na daɗe da sanin ba ta son auren nan. Tun ranar gaisuwa ta ce wa ƙawarta yayanta malamin sakandare ne, ya rasa wadda zai kawo sai tela. Ta ɗauka ban ji ba.

Abin da ke cikin gidan ba nawa ba ne da zan faɗa. Na yi alkawari. Daren da na karanta takardarka na so in karya shi, da safe na je na roƙa a sake ni, aka riƙe ƙafata ana kuka. Ya zan yi? Kai ka koya mini cewa in mutum ya ce i, to i ce. Ba ka ce sai dai in aure ya taso ba.

Ruben ma ban faɗa masa ba. Kwana tara ke nan ina kira ba ya ɗauka. Sau ɗaya ya turo saƙo daga garin Lafiya, wai yana addu'a a kan lamarin. To ya yi ta yi. Ni abin da ya fi ci mini rai ba Nasiha ba ce, ba kuma shi ba. Kai ne. Shekara ashirin da biyu ina gidanka, yarinya ta rubuta maka shafi ɗaya ka fi yarda da shi.

Ka tambaye ni me ba zan iya ajiyewa na sati huɗu ba. Ina son auren nan, Allah ya sani. Na gama ɗinka rigata, tana rataye a bayan labule, ba na iya kallonta yanzu. Ina kewar coci kuma, musamman in na ji ƙararrawa ina kan okada. Amma in na je na zauna a benci ina waƙa, na san abin da ke faruwa a wancan gidan a daidai lokacin. Waƙar ba za ta fita ba. Ban san sunan abin da nake yi a can ba, Kawu, amma ban taɓa jin na gudu daga gaban Allah ba in na shiga.

Ka faɗa wa dattawa abin da ka ga dama.

Lovelyn

Keffi,
29 ga Oktoba

Kawu,

Ina fata ka isa gida lafiya, gwiwar ba ta matsa maka a mota ba.

Ka zo kamar ɗan sanda. Ba saƙo, ba sallama, sai dukan ƙyaure da sanda ranar Lahadi da hantsi. Na buɗe hannuna duk kumfa, ka ture ni ka wuce. To ka gani. Ka ga Baba Akanbi zaune a kan kujera da tawul, ya yi fitsari a wando ina cikin wanke shi. Ka tsaya, ka cire hula, ka zauna a bakin baranda wajen awa biyu. Da matarsa, Maman Folake, ta dawo ta durƙusa gabanka tana magana ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji, kana ta gyaɗa kai. Ni na san ko kalma ɗaya ba ka ji ba. Sannan ka tashi ka tafi tasha, ko ruwa ba ka sha ba, ko kallona ba ka yi ba. Don haka ga abin da aka faɗa, a rubuce.

Da ka shigo, abin da Baba ya ce maka shi ne, "Oga, motarka ba ta gama ba, ka dawo gobe." Haka yake ce wa kowa. Shekara biyu ke nan ƙwaƙwalwarsa take tafiya. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa. Ba ya gane matarsa. Ni yana kirana Morayo, sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. In aka bar ƙofa a buɗe sai ya kama hanyar tsohon garejinsa, sau ɗaya a bakin babban titi aka tsinto shi. In na ba shi sifana da tsohon ƙarfen mota sai ya zauna yana kwancewa yana ɗaurawa. Dā shi ne babbar murya a ƙungiyar mawaƙan cocinsu. Ya manta sunan 'ya'yansa, amma waƙoƙin sujada ko ɗaya bai manta ba. Yana yi da Yarabanci ina bi da Hausa, sannan in yi addu'a ya ce amin. Waƙar da Nasiha ta ji ke nan.

Maman Folake kwastomata ce. Lahadin Ista bayan an tashi na kai mata ɗinki, na riga ta isa gida. Na ji nishi a ciki, na leƙa ta taga. Kawu, a ɗaure yake. Ta ɗaure masa ƙafa da zane a jikin gado don ta samu ta je sujada. Ya ja har idon sawunsa ya yi jini, yana kiran uwarsa, babban mutum mai furfura. Da ta dawo ta gan ni sai ta zube a ƙasa. Kwana shida tana kulle da shi, ba barci, ba mai taya ta. Ta ce awa huɗun nan na Lahadi su ne suka hana ta haukacewa. In kuma ta daina zuwa, matan zumunta za su cika gidan da dubiya, su gan shi.

Abin da ya sa take ɓoyewa, 'yarsu Folake za ta yi aure a Ilori a watan Fabrairu. Dangin mijin irin masu bin asali ne. In suka ji uban yarinya ya taɓu, ba za su tsaya jin bayanin likita ba, cewa za su yi hauka ce a jini. An taɓa fasa auren yayar Folake a kan abin da bai kai wannan ba.

Abu na ƙarshe da ta faɗa maka, wanda ka gyaɗa wa kai da ƙarfi, shi ne wai ta ji halin da ta jefa ni. Ta ce in tafi cocina Lahadi huɗun nan, za ta koma ɗaure shi, ai sati huɗu ne kawai, za ta sa tsumma mai taushi. Na ce mata ba da ni ba. Ba zan sa farar riga da aka samo da igiya a ƙafar mutum ba.

Yanzu asirin yana hannunka, ba da yardar mai shi ba. Na san ka, Kawu. Za ka so ka wanke sunan gidanka ranar Asabar, ka tashi gaban dattawa ka zazzage kome. In baban Ruben ya ji, Nasiha ta ji. In Nasiha ta ji, Keffi ta ji, Yarabawan Keffi kuwa kullum suna hanyar Ilori. Ina roƙonka kada ka yi. In ranar ta faɗi ta faɗi. Tafiyar da ka yi ba magana ita ce ta hana ni sukuni, ban san da wace zuciya ka tafi ba.

'Yarka,
Lovelyn

Andaha,
4 ga Nuwamba

'Yata Lovelyn,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na isa lafiya. Mama tana gaishe ki, ta ce in faɗa miki ita tun farko ba ta yarda ba. Ƙarya take yi, tare muka yi zargin.

Kin tambayi da wace zuciya na tafi. Kunya ce ta kore ni. Na shigo gidan mutane da sanda a ɗage zan kama 'yata da namiji, na tarar da ita durƙushe tana wanke fitsarin tsoho. Da na buɗe baki a wurin kuka zan yi, ni kuwa ban saba ba. Ki yafe mini. Na yi miki mugun zato, na rubuta shi da hannuna, ba ni da abin da zan kāre kaina da shi.

An yi zaman ranar Asabar. Na tashi na ce na je Keffi, na shiga gidan, na ga abin da ke ciki, 'yata ba ta da laifi. Suka rubuto mini a takarda, me ka gani? Na ce ba zan faɗa ba. Baban Ruben ya miƙe yana magana har jijiyar wuyansa ta fito. Ranar na gode wa Allah da kunnen nan. Na ce shekara talatin ina zama da ku a ɗakin nan, in akwai wanda na taɓa yi wa ƙarya ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga. Amma kada ki ɗauka sun gamsu. Wasu suna ganin rufa miki asiri nake yi, na gani a idonsu. Hukunci dai bai canja ba, ba takarda ba shela.

Ruben ya zo da yamma. Ya tsaya a ƙofar gida kamar wanda ruwa ya daka. Ya rubuta mini, "Kawu ka shiga ɗakin da kanka?" Na ce na shiga. Ya sake rubutawa, "To in aure ta?" Na ce masa wannan tambayar ita ya kamata ta yi mini a kanka. Zai zo wurinki ranar Juma'a. Ban faɗa masa kome ba. Kada ki sauƙaƙa masa, amma kada ki kore shi, ni ma da na fi shi shekaru ga inda na faɗi.

Saura maganar Lahadi. Goma ga wata, sha bakwai, ashirin da huɗu, sai ɗaya ga Disamba. Huɗu cif, ba rarar ko ɗaya. Za ki je coci. Kada ki ɗauka don na ga abin da na gani zan ce zuwa sujada ba kome ba ne. Za ki je da wuri, ki zauna inda faston nan mai tabarau zai gan ki, ki buɗe baki ki yi waƙa. Ba kuma wanda zai ɗaure Akanbi. Ni zan zauna da shi. Zan riƙa biyo Aminullahi ranar Asabar in kwana, in koma Litinin. Ki faɗa wa Maman Folake, tunda na riga na gani ba wani sabon ido aka ƙara ba.

Kada ki ce za ki sa ni asarar sujada. Bari in faɗa miki abin da ko Mama ban faɗa wa ba. Shekara shida ke nan ina zama a bencin gaba ban ji wa'azi ko ɗaya ba. Bakin fasto kawai nake kallo. In na ga mutane sun tashi in tashi, in sun zauna in zauna, in sun yi dariya in yi murmushi. Ana nuna wa matasa ni wai ga dattijon da ba ya fashi. Ina dawowa gida zuciyata wayam, in ce wa kaina ai na je. Awa biyun da na yi a barandar nan ina kallonki kina goge masa ƙafa, yana buɗe baki yana waƙar da ba na ji, na yi addu'ar da na daɗe ban yi irinta ba. Ban san yadda zan bayyana wa dattawa wannan ba, ba kuma zan gwada ba.

Na faɗa musu ba za su gan ni Lahadi huɗu ba. Sakatare ya tambayi ina za ni, na ce Keffi. Ya ce wane coci, na ce ba coci ba. Sai suka dubi juna. Ina jin yanzu ni za a sa wa ido, ki ce wa Nasiha ta shirya kuɗin okada.

Ki rubuto mini kome dalla-dalla kafin Asabar. Abin da yake ci, abin da ke ba shi haushi, me zan ce in ya tambayi mota. Ki rubuta da yadda ake yi masa wankan, daga ina ake farawa. Ban taɓa yi wa babban mutum wanka ba, Lovelyn, kuma ina jin tsoro.

Kawunki,
Boaz